Ƙwaƙwalwar Motar Alhaji Shu'aibu

Kamiyon, babbar motar ɗaukar kaya, na tsaye a bakin kasuwar Korgom tana danna oda ita kaɗai, abin share gilashi na ta kai da kawo cikin rana tsaka, sa'ad da Abdussalamu ya sauka daga babur yana kakkaɓe takalminsa.

Kausar ce ta kira shi. Motar mahaifinta ta haukace, ga shanun mutane na jiran a ɗauka, ran Juma'a kuma magabatan Abdussalamu za su zo neman aurenta. A gidan gwaggonta a Tasawa ya yi duk zancensa, bai taɓa taka ƙauyen ba, balle ya ga mahaifin nata. "Ka nuna ma Baba ko kai wane ne," in ji ta. Kai, da ta san abin da ta roƙa!

Abdussalamu dai ya iya wutar mota, wannan ba mai musu. Matsalarsa baki. Tunda ya dawo daga Yamai da ordinatar, wato kwamfutar gwada mota, a jaka, duk mai riƙe sifana a ƙasar Tasawa ya zama jaki a wurinsa.

A inuwar bishiyar bedi wani dattijo na zaune kan kujera, babbar riga ta sha aiki, carbi a hannu. Abdussalamu ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai yadda ake yi wa suruki, ya yi gaisuwa da wata ƴar siririyar murya wadda ko uwarsa ba ta san shi da ita ba. Dattijon ya amsa a taƙaice. Abdussalamu ya ja da baya, bai yarda sun haɗa ido ba.

Yana juyawa muryarsa ta dawo. Wani tsoho ne tsugune gindin taya, riga duk baƙin mai, silifa ɗaure da waya, makullai a hannunsa.

"Kai tsoho, buɗe min nan. Riƙe wannan tocila. Ba haka ba, haba!"

Tsohon ya riƙe. Abdussalamu ya gwada batir, lafiya lau. Ya bi wayar da ke kama jikin ƙarfe, ba tsatsa. Ya jona ordinatar, kowane sashe na motar ya amsa, ban da ƙwaƙwalwar da ke sarrafa fitilu da oda da ƙofofi. Ya kwanta ƙarƙashin sitiyari, ya kwance murfi, ƙaurin ƙonanniyar roba ya buge shi.

Sai ga ta'asar a fili. An fere wayoyi da wuƙa, an rataya musu fanka, da wurin cajin waya, da ƴan fitilun ado masu ja da kore. Inda fizibil ya kamata ya zauna, ɗan abin nan da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, an naɗa wayar tagulla mai kauri. Wutar da ta rasa inda za ta tsaya ta wuce ta soye ƙwaƙwalwar.

"Wane dabba ne ya yi wannan?"

"Ni na ɗaura ta," in ji tsohon. "Kan hanyar Mayahi ta tsinke mani, da dabbobi a baya."

Abdussalamu ya fito da kansa ya dube shi sama da ƙasa, ya yi tsaki mai tsawo. Ya ce hannun da ya saba ɗaure akuya ba shi da haɗi da wayar mota. Ya ce akwai masu furfurar da ba ta tsinana musu komai ba sai farin kai. Tsohon ya ƙara matso masa da haske.

Tun daga bayanin Kausar ya zargi ƙwaƙwalwar, don haka ya taho da wata daga Maraɗi. Ya cire kan batir, ya yanke tarkacen fanka da fitilu ya watsar a ƙasa, ya naɗe wayoyin, ya sa fizibil na gaske, ya dasa sabuwar. Yana jiran ordinatar ta gama daidaita ta da motar, ya saci kallon inuwar bedi, ya rage murya.

"Tun yaushe kake wahala da wannan akwala?"

"Tun ranar da aka sawo ta."

"Shi ya sa. Mutum da dukiya haka, ya bar mota hannun irinku don tsabar rowa. Dube shi can, riga ce kawai. Bari a ɗaura auren nan, wallahi motocin nan hannuna za su dawo, kuma kai ne farkon wanda zan sallama."

"Ɗiyar tasa hwa, ta san da haka?"

"Mace me ta sani? Ni dai na ga gidan shiga."

Ya mayar da kan batir. Oda ta yi shiru, fitilu suka bi umarni, injin ya tashi da murɗa ɗaya. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Abdussalamu ya goge hannunsa da gefen rawanin tsohon da ke rataye a madubi, ya gyara wuyan riga, ya nufi inuwar bedi a sunkuye don ya karɓi albarka.

Dattijon ya miƙe, ya wuce shi kamar bai gan shi ba, ya tsaya gaban mai baƙin man nan ya rusuna. "Alhaji Shu'aibu, in sa a koro shanun nawa?"

"A koro su," in ji tsohon, yana tsince ƴan fitilunsa daga ƙasa. "Kai kuma yaro, ka ce ma magabatanka kada su ɓata isanshin motarsu ran Juma'a."