Shafi na Tara

Tun da aka kafa na'urar bin ido a saman allo, Malama Uwani ba ta ƙara zaɓar gwanin karatu da kanta ba. Yaron da idonsa ya fi saurin cinye shafuka, shi ne gwani.

Yau Ranar Karatu. 'Yan aji huɗu sun yi huluna da kwali, sun cika bango da zanen dabbobin labarin da aka ba su su karanta. Sagir ya zo na ɗaya, aka ɗora masa hular zaki. Malama ta tambaye shi yadda zakin ya ƙare.

"Wane zaki, Malama?"

Sunan Tasalla kuwa da ja ya fito a na'urar, don minti shida idonta bai bar shafi na tara ba. Karo na biyu ke nan. A na uku, aji uku za a mayar da ita.

"Barci kika yi?"

"A'a, Malama. Wurin da uwar barewa ta mutu ne. Hawaye ya hana ni gani."

Shekara ashirin Malama Uwani tana jiran ɗaliba irin wannan. Ta juya wa na'urar baya, ta sunkuya, ta rage murya.

"Gobe kar ki karanta, 'yata. Ki dai riƙa motsa idon."