Ƙofa Mara Kunya

A zamanin da ƙofofi ke gane mutum ta jininsa, aka dasa wa Jummala ɓargon yayanta Tanimu. Ita ta tashi, shi kuma daga baya mota ta kaɗe shi, ya rasu.

Da aka sallamo ta daga asibiti, ta ɗora yatsa a ƙofar gida. Jininta ya koma irin nasa, sai ƙofa ta ce, "Sannu da zuwa, Tanimu."

Uwarsu, Inna Dije, ba ta taɓa kiran sunan nan ba saboda kunya, ɗan fari ne. Sai ta zauna daɓas.

Jummala ta ce, "Inna, a kira mai gyara?"

"Ƙyale ta, mara kunya ce kawai."

Likita ya hana Jummala fita. Amma kullum da la'asar takan lallaɓa ta fita, ta shigo, ƙofa ta kira sunan Inna ta ji. Inna tana gani, wai tsintar shinkafa take. Ta san haɗarin sarai, bakinta ne ya ƙi cewa "zauna."