Cinikin Duniyar Marigayi

Ta rasa miji, ta rasa rabin gida a rabon gado, ta rasa mai karanta mata takardar asibiti. Abin da ta samu shi ne tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen murfi, da abin sawa a kunne, da wata duniya da ba ta san kasuwar da ake kai irinta ba.

Ƙanin mijinta, mai gyaran waya, shi ya buɗe mata ita. Taswira ce shimfiɗe a fuskar kwamfutar: garuruwa, koguna, gadoji, duk marigayi ne ya zana. Mutane na nesa, kowa daga ɗakinsa, sukan shigo ta intanet su taru kamar a tebur ɗaya, kowa da ɗan mutum-mutuminsa a kan taswirar. Marigayi ke ba da labari, su kuma su jefa ɗan lido. Abin da ya fito shi ke yanke ko mutum ya haye kogi ko ya nitse.

Wannan shirmen ne ya cinye mata kowace Asabar. Da la'asar sai marigayi ya shige ɗakin baya, ɗakin 'yarsu, wanda ta garƙame tun shekarun baya har sai da ya lallaɓa ta ba shi mabuɗi. Ya toshe kunne, ya tura ƙofa. Tana shara a tsakar gida takan jiyo shi yana dariya, irin wadda ya daina yi a gabanta.

"Yaya, akwai mai so," in ji ƙanin miji. Ɗaya daga cikin 'yan wasan ne, wanda ake kira Shaho, yake son a mallaka masa komai. Hayar shafin za ta ƙare ƙarshen wata, in ba wanda ya karɓa, za a goge taswirar ƙaf.

Ta gyara ɗaurin zane. Tsofaffin tukwane da kwanuka take sayarwa tun kafin ƙanin miji ya yi gemu, kuma ba a taɓa jin ta sallama kaya a faɗuwa ba. Ta yanka kuɗin da ya sa shi tari.

Shaho ba ya magana, rubutu kawai yake turowa, ƙanin miji na karanta mata.

"Ba shi da baki ne?"

"Wasu ba sa son a ji muryarsu," ya ce, idonsa a kan wayar da yake kwancewa.

Shaho ya fara da kushe kaya. Taswirar ba ta ƙarasa ba, gadar gabas rabi ce, garin kan dutse ko ƙofa babu. Ta ce a gaya masa akwai wani mai so. Amsa ta zo nan take: ta sayar wa wancan ɗin. Ta ce a kashe kwamfutar. Mai son kaya shi ke dawowa, ta sha ganin irinsu.

Shaho bai dawo ba. Wata na ta tsufa. Kullum in ta taso daga kasuwa sai ta tsaya a bakin ɗakin baya, ta kasa shiga, ta kasa wucewa.

A ƙarshe ita ce ta rage, ɗan kaɗan, abin da ba ta taɓa fara yi wa kowa ba. Ƙanin miji ya karanta amsar sau biyu kafin ya faɗa. Shaho bai ƙara ba, bai ma tsaya a tayinsa na farko ba. Ragewa ya yi. Ya ce tayin jiya na jiya ne, kayan da suka kwana sun yi sanyi.

Maganarta ce wannan, wadda duk wanda ya tashi a gidan nan ya sha ji daga bakinta. Ta jawo kujerar marigayi ta zauna, karon farko.

"Wane ne a cikinsu?"

Ya nuna mata. Ɗan mutum-mutumi ne mai rufaffiyar fuska, tsaye a bakin gadar da ba a ƙarasa ba.

"Ka san shi?"

"Yaya, ni gyaran waya na sani."

"Munafuki. Kai da yayanka duk tafiyarku ɗaya. Rubuta: ba na son kuɗi. Ya zo nan ya ɗauki kwamfutar da hannunsa."

A'a, in ji Shaho.

To ya kunna kyamara ta ga fuskar mai sayen kayanta.

A'a.

To ya riƙa kiran waya, ko sau ɗaya a wata, ba sai ya daɗe ba.

Wani jan rubutu ya fito a saman taswirar, ba sai an karanta mata ba ta san na kora ne, haya ta kusa ƙarewa.

"Yaya, bari haka. Kina zubar da kanki."

"Na tambaye ka? Rubuta: shi ya taya."

Tayin ya zo gajere. Za a buɗe murya sau ɗaya, a ce "na saya". Daga nan ba kira, ba aike, ba neman adireshi, har abada.

Ta buɗe baki za ta nemi ƙari, don bakin ya saba. Ta tuna wanda take ciniki da shi, da abin da ƙari zai jawo. Ta ɗauki abin kunnen, wanda har yanzu yake ƙamshin man gashin marigayi, ta sa shi a karkace. Ƙanin miji ya gyara mata.

"Rubuta na sallama," ta ce. "Kalma biyun ma na karɓa, tunda daga bakin 'yar da na kora daga ɗakin nan za su fito."