Tabon Allura a Cinyar Umma

Garin shafa mata man zafi ne Auta ta ga cinyar Umma. Fatar duk ta yi kumburi mai tauri, kamar an cusa tsakuwoyi a ƙarƙashinta, wani wurin ja, wani ya yi baƙi, kowanne da ɗigon allura a tsakiya.

"Umma, mene ne wannan?"

"Sauro ne," in ji Umma, ta ja zane ta rufe.

"To, sauron gidan nan da diga yake yawo."

Mutum ɗaya ne mai ciwon suga a gidan, wato Baba, tsohon tela. Tun da ƙwaƙwalwarsa ta fara zuba, Umma ke yi masa allura safe da yamma, ƙofa a rufe. Ya manta keken ɗinkinsa, ya manta sunayen 'ya'yansa, amma bai manta cewa wai ana son ganin bayansa ba. Tsufa haka yake, sai ya kwashe hatsi ya bar ƙaiƙayi. Ko shayi Umma sai ta kurɓa kafin ta miƙa masa. Auta ta ɗauka zafinsa take dubawa.

Daga ranar Auta ta sa ido. Sirinji na ƙarewa da wuri. Umma kan fito daga ɗakin tana gumi, ta jefa alewa a baki, ta zauna. Auta ta kai ta asibiti aka auna jininta, aka ce ba ta da suga. Da ma'aikaciyar jinya ta taɓa cinyar, sai ta ja Auta gefe, ta ce irin wannan tabon a jikin masu yi wa kansu allurar maye take ganinsa.

Auta ta sanar da Yaya babba, ya zo da mota zai tafi da Umma. Umma ta riƙe ƙofar ɗakin Baba da hannu biyu.

"Ku bar ni, ba zai yarda da ku ba!"

"Ki faɗi abin da kike sha, Umma," in ji Yaya.

Ta dubi mijinta. Ba ta taɓa tona masa asiri ba, ko ga 'ya'yan cikinta. Aka tafi da ita gidan Yaya, a can wani gari.

Baba bai yarda ba kuwa. Duk wanda ya matso da allura sai ya ture shi. Ƙishirwa ta kama shi, leɓɓansa suka tsage, numfashinsa ya yi nauyi. Auta ta durƙusa gabansa da sirinji tana kuka.

"Baba, don girman Allah."

Ya buɗe ido da kyar, ya dubi kwalbar maganin, ya nuna cinyarta da yatsa.

"Fara yi wa kanki in gani, yarinya. Matar can kullum sai ta fara."