Kumurcin Gindin Kuka

A gonarmu ta Gozaki akwai kumurci a gindin kuka. Boka ya ce iska ne, ya girmi kakanninmu, ba ya mutuwa. Ranar da ya sari ƙanwata, Baba ya rotse masa kai da fartanya, har jini ya fantsamo mini a ƙafa. Ya jefa shi gaban boka.

"Ga wanda ba ya mutuwa!"

Boka ya ce, "Riga ka yaga, mai ita na nan."

"To ya zo ya kwashe tsummansa!"

Kafin magariba ƙanwata ta cika. Yau ƙasa ta rufe Baba da boka. Na yarda Baba ne da gaskiya, amma har gobe ba na bi ta gindin kukar nan.