Ƙugin Gitar Abdulsamad

Abdulsamad ya kwance notunan gadar gitarsa, ya ɗaga ƙarfen, ya leƙa ƙarƙashi. Gada ita ce ƙarfen da tsirkiyoyi huɗu na gitar bes ke ɗaure a jikinsa. A ƙarƙashinta akwai wata siririyar waya da ke bi ta cikin katako ta haɗu da wayar ƙasa. In ta kama da kyau, makaɗi na ɗora yatsa kan tsirkiya, duk wani ƙugi sai ya ɗauke. Wayar lafiyarta ƙalau. Duk da haka ya tsinke ta ya sa sabuwa.

Haifaffen unguwar Sabo ne, kuma tun yana saurayi yake kaɗa bes a wata ƙungiyar makaɗan juju, kiɗan bukukuwa, ta unguwar Mokola. Wurin tsayuwarsa a kowane biki sananne ne, jingine da babbar lasifika, inda kiɗa ke dukan ƙirji. Amma a 'yan watannin nan ya fara sakin layi, ya shigo a makare ko ya zarce. Oga mai ƙungiya ya yi haƙuri har ya gaji. Ya ce ranar Asabar za su babban biki a Legas, wanda bai shirya ba ya yi zamansa a gida.

"Gitar ce," in ji Abdulsamad. "Ƙugi take, ba ta bari in ji ganga."

Mutum ɗaya ne ya tsaya masa, Zainulabidin, abokinsa tun firamare. Abdulsamad ne ya koya masa bes, ya kuma roƙa masa gurbi a ƙungiyar, yana karɓarsa in ya fita hutawa. Kullum da hantsi Zainulabidin zai zo, su shiga ɗakin baya, su rufe ƙofa da taga saboda hayaniyar okada da janareta. Abdulsamad zai jona gitar, ya ɗora hannu kan tsirkiya, ya kasa kunne.

Ga shi nan. Siriri, ba ya yankewa.

"Ka ji shi?"

Zainulabidin zai karkata kai, ya yamutsa fuska. "Kai! Ore mi, abokina, yau ma ya fi jiya."

Abdulsamad ya sake waya. Ya kankare ƙasan gadar har ta yi ƙyalli. Ya narka dalma ya liƙa, ta ɗiga masa a babban yatsa, fatar ta tashi. Ƙugin ya zauna masa a kai, ko ya kashe kayan sai ya ji kamar yana biye da shi, yadda kiɗan biki kan raka mutum gida. Da ya ɗauko abin huda zai faɗaɗa ramin wayar, Zainulabidin ya yi wuf ya riƙe masa hannu.

"Kada ka taɓa katakon nan. Ni fa ina zargin firizar madam ce ke shigo maka layi."

Sakinat, matar Abdulsamad, da firizar nan take sana'a. Zoɓo da kunun aya take ƙullawa, maƙwabta na saye. Abdulsamad ya fita ya zare wayar firizar daga bango.

"Baban Habiba, na cika ta jiya fa," in ji ta.

"Ki buɗe baki in za ki yi magana! Kullum sai ƙunƙuni."

Ta maimaita da ƙarfi. Ya ce firiza ba za ta sake tashi ba sai ya dawo daga Legas. Washegari ta zubar da kunun aya a kwata yana kumfa. Da rana ta kai masa abinci ɗakin baya, ta ce ta daɗe tana sallama bai amsa ba. Ya ce ƙarya take, ya mare ta a gaban abokinsa. Zainulabidin ya sunkuyar da kai, yana shafa wuyan gitar.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka yi gwaji na ƙarshe. Abdulsamad ya dafe tsirkiyoyin da tafi biyu, kamar mai toshe bakin yaro. Ƙugin bai ko rage ba. Ya dubi abokinsa, abokin ya girgiza kai.

"Ɗauke ta," in ji Abdulsamad. "Har da amfilifayar, akwatin ƙara sautin. Ka gaya wa Oga ba ni da lafiya. In ka iya da ita, ka riƙe wurin."

"Haba, ba zan iya yi maka haka ba."

Amma kafin ya rufe baki, Zainulabidin ya riga ya zuge jakar gitar. Ya tare keke ya loda kayan, bai waiwayo ba.

Sakinat ta leƙo da kumburarren kunci, ta ce an ɗauke wuta, za ta gidan yayarta da 'yarsu Habiba. Abdulsamad ya koma ɗakin baya ya ja ƙofa, ya zauna a ƙasa cikin guntayen waya.

Babu gita a ɗakin, babu lasifika, babu wuta a duk Sabo, amma ƙugin na nan, siriri, ba ya yankewa, a cikin kunnensa shi kaɗai, inda Zainulabidin bai taɓa jin sa ba.