Ƙusa a Gurbin Fiyus

Tunda ka ce ka gaji da mai yawan gaya maka gaskiya a gidanka, har kana neman yadda za ka rufe masa baki, bari in ba ka misalin wani tsohon mai gyaran wayar mota, irin waɗanda ake ce wa rewaya.

Wani ɗan kasuwa ne ya kawo masa tsohuwar Fijo da ya gada daga mahaifinsa. Shekara ashirin tana jibge a bayan gida, kaji na saka ƙwai a cikinta, sai ya tashi ya farfaɗo da ita. Aka yi mata fenti ruwan madara, aka ɗinke kujeru da jar fata, aka goge bamba har mutum yana ganin haƙoransa a jiki. Burinsa shi ne ranar da mahaifiyarsa za ta sauka daga aikin Hajji, ya ɗauko ta a motar da marigayi mijinta ya saba ɗaukarta. Buri mai kyau, babu mai musu. Abu ɗaya ne ya gagara: da an kunna fitilun gaba, sai fiyus ya ƙone. An canza har sau shida. Tsohon ya kwance allon gaban direba ya zura hannu, sai robar wayoyin ta marmashe a yatsunsa kamar busasshen ƙanzo. Wasu ɓera ya ci, wasu an naɗe su da leda tun zamanin da, tagulla tsirara tana gogar ƙarfen mota. Ya bayyana wa mai motar cewa fiyus ba shi da laifi. Ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi don ya mutu: in wuta ta bi inda bai kamata ba, ya narke ya yanke ta kafin ta kama mota. Shi ne kunnen mota, shi ke fara jin ɓarna. Magani kuwa sai an zare wayoyin fitila kakaf, daga makunni har zuwa ƙwayayen fitilun, an ja sababbi. Aikin kwana goma ne, jirgin Hajiya kuma saura kwana huɗu.

Mai motar ya murtuke fuska. Mutumin da ya yi wata takwas yana jiran mai fenti bai ce uffan ba, don fenti ana gani, shi ne kwana goma suka yi masa yawa saboda wayar da ke ɓoye. Ya ce, "Baba, fiyus ɗin ne rago. A sa mai ƙarfi mana." Tsohon ya ce, "Alhaji, ba da hannuna ba." Sai aka tura motar tsallaken titi, wurin wani mai saurin hannu da bai taɓa ce wa mai mota a'a ba. Wannan ya datse ƙusa, ya danna ta a gurbin fiyus, fitilu suka kama tar. Mai motar ya biyo ta gaban rumfar tsohon yana ƙyafta masa fitila, har da ɗan hon na shaƙiyanci. Ran tsohon ya ɓaci ƙwarai, kuma ba don aikin da ya kuɓuce masa ba. Ya san wace ce za a zaunar a kujerar baya. Ya wanke hannu ya taka har ƙofar gidan mutumin, aka bar shi tsaye a rana, daga bisani aka aiko masa cewa Alhaji ya ji, kuma ya rage hassada. Hassada! Shekara arba'in yana kama waya, wannan ce ladar da ya samu.

Ranar ta zo. Aka taso daga filin jirgi da tsakar rana, ayarin motoci a jere, kowa ya kunna fitila kamar yadda aka saba, Fijo a gaba. Da fiyus ne a gurbin, abin da zai faru shi ne ya ƙone, fitila ta mutu, a isa gida lafiya. Amma ƙusa ba ta san narkewa ba. Waya ta yi zafi, ta yi ja. Aka ji ƙaurin roba, mai motar ya ce bola ake ƙonawa a gefen hanya. Sai da hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin sitiyari sannan ya taka birki. Mutanen titi ne suka fizgo Hajiya, ba takalmi, gefen mayafinta ya babbake. Aka yi ta watsa ƙasa, ina! Tsohuwa ta zauna a bakin kwalta tana kallo tana hawaye. Ba ta ko ambaci tsarabar da ta ƙone ba, sunan mijinta kawai take kira.

Washegari aka ja ƙwarangwal ɗin motar za a kai wa 'yan gwangwan, aka biyo ta gaban rumfar tsohon, dangi na biye suna cewa tsautsayi ne. Wannan kalmar ta fi komai ƙona wa tsohon rai. Wane irin tsautsayi ne yake yin sallama har sau shida? Ya tsayar da su, ya tona tokar da sukundireba, ya zaro ƙusar. Ta yi baƙi ƙirin, amma ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ya kama hannun mai motar ya ɗora masa ita a tafi, ya ce, "Ga jarumar taka, Alhaji. Ita kaɗai ta fita lafiya."

To, kai ma kana da fiyus a gidanka, kuma na ga ƙusar a hannunka. Kafin ka danna ta, ka tuna abin da Hausawa suka ce: in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.